Salansar Babur a Jibiya: Ikon Mai Abu da Haƙƙin Kunnen Gari

Noti biyu ne ke riƙe da salansar babur ƙirar Boxer a bakin inji, sai wani ƙarfe mai zare da ya ɗaure ta da jikin babur ta wajen matakin fasinja. Duk mai sifana biyu ko uku da ɗan haƙuri zai iya kwance ta ya ɗaura wata tsakanin La'asar da Magariba, a ƙofar gidansa, ba tare da ya taka gareji ba. Aikin ba shi da yawa. Amma a Jibiya ya isa ya haɗa uba da ɗa musu, ya haɗa bakanike da mai babur, ya kuma sa maƙwabta su kwana biyu suna gaisawa sama-sama. Wasu na cewa babur na mai shi ne, abin da ya ga dama shi zai ɗaura masa, da hannunsa, a gidansa. Wasu kuma na cewa ƙarfen ne kawai nasa, abin da ke fita daga bakin ƙarfen kuwa gidan kowa yake shiga ba sallama.

Na lura masu wannan gardama sukan cakuɗa tambayoyi biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai tambayar wa ya kamata ya ɗaura salansar, mai babur ko bakanike. Akwai kuma tambayar wace irin salansa ce za a ɗaura, wadda ta yi daidai da ta kamfani ko wadda aka yi ta don ta yi ruri. A ta farko na fi karkata ga masu gyaran gida fiye da yadda bakanikai za su so. A ta biyu ban ga hujjar masu son ruri ta tsaya da ƙafarta ba, ko da yake cikin abin da suke faɗa akwai maganar da ta fi ƙarfin a watsar da ita.

Wanda bai san halin da aljihun mutumin Jibiya ya shiga ba, ba zai gane dalilin da ya sa mutum zai durƙusa a ƙasa yana kokawa da noti mai tsatsa ba. Gari ne da zirga-zirga ke ciyar da shi. Katsina na nan gabas, tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai, Magama na bakin iyaka, daga can sai Ɗan Isa sai Maraɗi. Babur ne ke haɗa gari da Bugaje da Faru da Riko da Gangara. Shi ke kawo buhun gero kasuwa, shi ke ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamban shekarar kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da aka buɗe iyakoki huɗu a Disamban 2020 ba a sa Jibiya a ciki ba, sai a Afrilun 2022. Ba a gama numfasawa ba aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sake jawo rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Kayan gyaran babur kuwa daga Sin da Indiya suke zuwa, su biyo ta Legas da Nnewi da Kano, saboda haka duk faɗuwar da naira ta yi, a kan teburin mai sayar da kayan babur take bayyana.

Ita kuma salansa ba ta jiran mutum ya samu kuɗi. Da damina babur na kutsawa cikin ruwa da laka, ƙarfe mai zafi ya sha ruwan sanyi. Daga ciki ma tana ruɓewa, domin ƙonewar fetur na haifar da tururi, in tafiyar gajera ce sai ya koma ruwa ya kwanta a cikinta. Ga dutse, ga kututture, ga lodin da ke danne babur har cikinsa ya riƙa gogar ƙasa. Ranar da ta huje, abu huɗu ne a gaban mai ita: ya sayi ta kamfani da tsadarta, ya sayi ta kasuwa wadda ta fi sauƙi, ya nemi ta hannu da aka ciro daga mataccen babur, ko ya kai wa mai walda ya like ta zuwa wani lokaci.

Hujjar masu gyaran gida daga nan take farawa, kuma hujja ce ta gaskiya. Ɗan acaɓar da ke kai wa mai babur balas kullum yamma ya san abin da wuni guda a gareji yake ci masa: kuɗin aiki, kuɗin da bai samu ba yana zaune yana jiran layi, wani lokaci har da wata matsalar da za a gano masa wadda bai zo da ita ba. Mutumin ƙauye kuwa sai ya haɗa da man zuwa da na dawowa, a kan hanyar da ba kowane lokaci ake son bin ta ba. Suna kuma cewa, kuma ba su yi ƙarya ba, wanda ya saba kwance abin hawansa ya fi saurin gane ciwonsa. Yana jin sauyin murya tun kafin abu ya lalace, kuma in babur ya mutu masa a daji ba zai tsaya yana kallon sa ba. A yankin da tsayawa a hanya bayan faɗuwar rana ke iya zama sanadin rasa rai, wannan ilimi ba ƙaramin abu ba ne. Ina ganin uban da ya zaunar da ɗansa ya nuna masa yadda ake riƙe sifana ya ba shi abin da zai amfane shi har tsufa.

Bakanikai suna da amsa, kuma wanda ya taɓa ganin irin ɓarnar da ake turo musu ba zai ce son kuɗi ne kawai ke sa su magana ba. Waɗancan noti biyu a kan wasu siraran sandunan ƙarfe suke, waɗanda aka dasa a cikin kan inji, shi kuwa kan injin na sanholo ne, ƙarfe mai laushi. Shekaru suna shan zafi da ruwa har tsatsa ta haɗe su. Mai gaggawa ya sa ƙarfi, sai sandar ta karye a ciki, ko zaren ya cinye. Daga nan aikin da za a gama da kuɗin goro ya koma na haƙo karyayyen ƙarfe da sake yanka zare, wani lokaci sai an sauke kan injin gaba ɗaya. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Akwai kuma ɗan zoben da ke zama tsakanin bakin inji da wuyan salansa, wanda sau ɗaya yake matsuwa ya toshe kafa. Yawancin masu gyaran gida tsohon suke mayarwa, hayaƙi ya riƙa tsiyaya ta gefe, iska na shiga ta inda bai kamata ba. Salansar kasuwa kuma ba kullum ramukanta ke dacewa da na babur ba. Sai a tanƙwara ta da ƙarfi a ɗaure, ta zauna a takure, girgizar hanya ta tsaga ta a wuya cikin 'yan watanni.

Abin da ya fi damuna cikin ƙorafinsu shi ne faifan kariya, wannan ɗan ƙarfen da ke rufe gefen salansa. Da yawa cikin masu araha ba sa zuwa da shi, ko kuma mai ɗaurawa ya ga ba shi da amfani ya jefar. Ba mai tuƙi ne ke biyan wannan ba. Matar da ta hau da zani ce, da yaron da ƙafarsa ba ta kai mataki ba. Tabon ƙunar salansa a ƙwaurin dama abu ne da kusan kowane gida ya sani. A garin da ake ɗaure jarkokin fetur a gefen babur kuwa, tsirarar salansa mai zafi kusa da roba mai ɗigo ba sai an yi dogon bayani ba. Sai kuma masu shigar da babur zaure ko ɗaki saboda ɓarayi, su yi aikin a can, su tayar da inji a rufe don su ji yadda ta zauna. Hayaƙin fetur na ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, irin wadda ke kashe iyali guda in an kwana da janareta a cikin gida.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai in aka duba da kyau, dalilai ne na a koyi aikin, ba na a bar shi ba. A bar inji ya huce sarai. A jiƙa notin da ɗan baƙin mai ko kananzir tun da safe, a bar shi ya sha. A sayi sabon zobe, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A ɗaura komai sako-sako tukuna har salansar ta zauna da kanta ba tare da an tilasta ta ba, sannan a riƙa matse notin nan kaɗan, a koma wancan kaɗan, har su yi daidai. A tayar a fili, a kai hannu kusa da wuyan ba tare da an taɓa ba, a ji ko iska na hurowa. Bayan tafiyar kwana biyu a sake dubawa. In noti ya ƙi motsi, nan ne iyakar gyaran gida, a tura wa mai sana'a kafin a karya. Mutumin da ya bi wannan ya ɗaura salansa irin ta kamfani bai yi wa kowa laifi ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a raina masa ba.

Gardamar ta ainihi tana kan ɗaya irin. Ita ce gajeriyar salansa mai faɗin baki da walƙiya wadda cikinta kusan fayau yake, ko kuma ta kamfanin ce aka fasa aka zare mata hanji.

Kafin a auna hujjojin masu son ta, ya kamata a san abin da ake zarewa. Duk lokacin da fetur ya ƙone a cikin inji, bawul na buɗewa hayaƙi ya fito da matsanancin ƙarfi, sau dubbai a minti guda. Kowace fita ƙaramar fashewa ce. A cikin salansa akwai ɗakuna da bututu masu huji da faifan da ke tare hanya, domin hayaƙin ya faɗaɗa, ya yi ta kewaye, ƙarfinsa ya karye kafin ya iso waje. Ba banza ba ne Hiram Percy Maxim, Ba'amurken da ya yi rajistar na'urar rage ƙarar bindiga a 1909, ya koma ƙera wa injuna irin wannan na'ura. Matsalar guda ce: iska mai zafi da ke fita da ƙarfi ta ƙaramar kafa. In an cire abin da ke tausasa ta, kunne zai ji abin da ya yi kama da ƙarar bindiga.

Hujjar farko da samari ke kawowa ita ce ƙarfi. Suna cewa kamfani ya shaƙe injin, in an buɗe masa hanya zai numfasa, ya ƙara gudu, ya rage shan mai. A baburan tsere, inda ake sauya salansa tare da daidaita duk abin da ya shafi shigar mai da iska, akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma Boxer da aka fi hawa injinsa wajen cc 100 ne, ƙarfinsa wajen doki 8, an kuma gina shi ne don ya ja kaya a hankali, ba don ya yi tsere ba. Tsawon bututun da faɗinsa lissafi ne da aka yi tare da kafireta. In aka buɗe bayan aka bar kafireta yadda take, yawanci iska kan rinjayi mai a cakuɗin da ke shiga inji. Irin wannan cakuɗi zafi yake ƙarawa, ga inji wanda iska kawai ke sanyaya shi, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Mai shakka ya kwance fulogi bayan mako guda ya duba bakinsa: in ruwan ƙasa ne lafiya, in ya yi fari fat to injin na ƙonewa a hankali, kuma bawul ne zai fara biya. In kuwa aka gyara da faɗaɗa hanyar mai a kafireta, zancen rage shan mai ya faɗi ke nan. Sau da yawa ma ƙarfin ja a ƙananan giya raguwa yake yi, wato daidai abin da mai ɗaukar buhu biyu a cikin rairayi ya fi bukata. Abin da mai babur ke ji kamar ƙarin gudu, mafi yawansa a kunnensa yake.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ba samari kaɗai ke yin ta ba. Suna cewa babur mai ƙara ana jin zuwansa, yaro ya kauce, akuya ta gudu, mai amalanke ya ja gefe, direba ya san akwai mutum kusa da shi. Masu manyan babura a Amurka sun daɗe suna irin wannan magana. Sai dai binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda ya fito a 1981 bayan nazarin haɗurran babur 900, ya nuna fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da ke jawo haɗari daga gaban mai babur yake, alhali bakin salansa baya yake kallo. Amma adalci ya sa a ce titin Los Anjelas, inda aka yi binciken, ba lungun Jibiya ba ne. A can mutane na cikin mota a rufe da gilashi, a nan kuwa yara da dabbobi da masu tafiya a ƙasa ne, kunnensu a buɗe. Na yarda ƙara na iya sa wani ya waiga. Sai dai salansar kamfani ma ba bebiya ba ce, ana jin ta daga nesa daidai gwargwado. Kuma an yi wa babur oda domin wannan aiki, wadda ake dannawa lokacin bukata a sake ta. Wanda odarsa ta mutu wata shida bai gyara ba, burkinsa na baya na kuka, sannan ya ce don tsaron rai ya fasa salansa, zai yi wuya in gaskata shi. Jaki ko saniyar da ta firgita ma ba gefe take yi kullum ba, wani lokaci tsakiyar hanya take faɗowa.

Akwai kuma kunnen mai babur ɗin kansa, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 na raba lokacin gida biyu, ta yadda a desibel 100 minti 15 ne kawai. Salansar da aka zare wa ciki na iya kaiwa can in an ja totur. Ɗan acaɓa kuwa daga hantsi har Magariba yake kanta. Ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa, kuma abin a hankali yake zuwa, da ɗan shuuu da dare, sai a wayi gari mutum na cewa a maimaita masa magana tun bai kai arba'in ba. Wanda ya fi kowa kusa da bakin salansar kuma shi ne jaririn da ke goye a bayan fasinja.

Hujja ta uku ba a cika faɗin ta a fili ba, amma ita ce a zuciya: daɗi. Saurayi ya tara kuɗi shekara da shekaru ya sayi babur, yana so a san ya iso. Ranar ɗaukar amarya ko yammacin Sallah yana so nasa ya fi na abokai amo. Ba na cikin masu ganin wannan a matsayin lalacewa. Samartaka ce, kuma samarin Jibiya sun taso a lokacin da aka rufe musu abubuwa da yawa, daga iyaka har gonakin da ke nesa da gari. Wani ma zai ce mu ba mutanen shiru ba ne: a hawan Sallah a Katsina 'yan bindiga na sakin harbi a gaban fada, mutane na murna, ba wanda ya ce an cutar da shi. Haka ne. Amma kowa ya san ranar hawa, ya san wurin, ya san masu harbin da wanda ya ba su izini. Wanda ba ya so sai ya zauna gida. Harbin salansa ba shi da rana, kuma gidan ne yake tarar da mutum.

A nan ne Jibiya ta bambanta da Kano ko Zariya, kuma a nan ne, a ganina, gardamar ta yanke. Salansar da aka buɗe, musamman in akwai tsiyaya a wuyanta, takan yi tas-tas in an saki totur, domin ragowar man da bai ƙone ba na kamawa a cikin bututu. Wasu da gangan suke sa ta harba, su kashe makulli suna cikin gudu su sake kunnawa. A wani gari wannan abin haushi ne kawai. A ƙaramar hukumar da ta yi shekaru tana fama da 'yan bindiga, waɗanda a kan babura suke zuwa, saƙo ne. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwar Jibiya da wasu kasuwanni, ta hana goyon mutum uku a babur, ta hana acaɓa daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomin da ke bakin daga. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Jibiya, sai bayan watanni aka maido. A waɗannan watanni ba wanda zai kira ka ya ce ga su nan. Kunne ne waya. Mutane sun koyi rarrabe muryar baburin maƙwabci da ta baƙo, da ta babur ɗaya da ta ayari, da nisan da harbi ya fito. Wannan koyo bai goge ba don an maido da sabis.

A Maris na 2022, da aka janye sojoji daga ƙauyen Shimfiɗa, mutanen garin suka kwararo zuwa Jibiya a ƙasa, kuma an ruwaito cewa ƙananan yara sun rasu a turmutsutsun gudun. Firgici da kansa yana kisa. Matan da suka yi wannan tafiya, da ire-irensu daga wasu ƙauyuka, suna nan cikin gari, wasu a gidajen 'yan'uwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Saurayin da ya saki harbi uku a lungu bayan Isha'i yana dariya bai ga tsohuwar da ta diro daga gado tana laluben jikoki a duhu ba, bai ga mai hawan jinin da ba zai sake runtsawa ba har Asuba. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito kan haramcin firgita Musulmi ma a kan wasa ya zo, lokacin da wasu sahabbai suka ɗauke wa abokin tafiyarsu igiya yana barci ya farka a tsorace. Ashe cewa wasa nake yi ba ta wanke mutum.

Cutarwar tana da fuska ta biyu wadda ta fi ta farko haɗari. In unguwa ta saba jin tas-tas kowane dare, aka fita sau biyar aka tarar yaron gidan wane ne, a na shida ba wanda zai tashi. Ranar da na gaske ya zo za a yi asarar mintunan da ake tsira da su. Shi ma mai baburin bai tsira ba. Tun Oktoban 2023 da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, ga sojoji da 'yan sanda da 'yan sintiri, akwai mutane da yawa riƙe da makami cikin dare, cikin shiri. Tunkarar shingensu a kan abin da ke amon bindiga ganganci ne da rai.

To me za a yi? Masu cewa a sa hukuma suna da madogara. Dokokin hanya na Nijeriya sun daɗe da wajabta wa abin hawa salansa mai aiki, hukumar kare muhalli ta NESREA na da ƙa'idojin hana yawan ƙara tun 2009, ga jami'an kiyaye haɗurra, ga hukumar kula da hanyoyi ta jiha, KASSAROTA. A biranen Indiya, ƙasar da ake ƙera Boxer, 'yan sanda kan ciro irin waɗannan salansa su jera a titi su bi ta kansu da motar daɓe hanya. A Indonesiya ma kame ake yi. Faransa ta fara gwada na'urorin da ke auna ƙarar abin hawa su ɗauki lambarsa a 2022.

Ina jin tsoron wannan hanya a Jibiya, kuma masu adawa da ita ba su yi kuskure ba. Hanyar Katsina zuwa Jibiya ta riga ta yi suna da yawan shingaye, 'yan kasuwa da direbobi sun sha kokawa a kai. Duk dokar da aka kafa kan babur a shekarun nan, mai neman halal ne ya fi jin ta a jikinsa. In aka ce a kama duk babur mai ƙara, ba tare da na'urar awo ba, wanda za a fara tarewa shi ne magidancin da salansarsa ta huje don tsufa yana jiran kaka ya sauya, ba yaron da ya fasa tasa da gangan ya san lungun da zai bi ba. Kunne na iya rarrabe su, amma shinge ba kullum yake son rarrabewa ba.

Waɗanda suka fi kowa ikon tare abin su ne waɗanda yake bi ta hannunsu. Mai shagon da ya rataye mai ruri kusa da ta kirki ya san abin da yake sayarwa. Mai waldar da aka kawo wa lafiyayyar salansa aka ce ya yanka ya zare ciki yana iya cewa a'a, kuma bakaniken da ke kukan ɓarnar masu gyaran gida ya tuna cewa da yawa cikin masu harbin a gareji aka fasa su. Gyaran gida kuwa, in da inda yake da rauni na gaske, to nan ne: a gareji akwai yiwuwar wani babba ya ce wa yaro kai, bari. A ƙofar gida wannan nauyi a kan uba yake, ko yayan da ya ara masa sifana. Mai unguwa da limami na iya kiran mutum da sunansa da na mahaifinsa, abin da jami'in da aka turo daga wani gari ba zai iya ba. Masu biki ma na iya faɗa wa abokan ango tun kafin ranar cewa ana son rakiyarsu, ba a son harbi.

Saura magidancin nan mai hujajjiyar salansa, wanda ba ya son ƙarar amma ba shi da kuɗin kashe ta. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa na karɓar kuɗin tikiti kullum a tashoshinsu, sun san kowane ɗan layi da baburinsa. Za su iya ranta wa irin wannan mutum kuɗin salansa da sabon zobe da faifan kariya, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan tare da tikitinsa, wani cikinsu da ya iya ya tsaya a kansa ranar da zai ɗaura. Wanda kuma ya fasa tasa da gangan, su hana shi layi har sai ya mayar da ta kirki.